Wata tara ina neman aiki bayan bautar ƙasa, ga abin da na tarar a kowane mataki

Na gama bautar ƙasa a watan Yunin 2024, na dawo gida Kano da satifiket ɗina a cikin leda da 'yan kuɗin da na tara daga alawin dubu 33 da ake ba mu a lokacin, waɗanda gaskiya ba su taka kara sun karya ba. Ban fara aiki ba sai Maris ɗin 2025, cikin azumi. Tsakanin nan wata tara ne, kuma da a ce akwai wanda ya zaunar da ni tun farko ya faɗa mini abin da zan rubuta yanzu, na tabbata da ban kai haka ba, ko da na kai ɗin to da ban zubar da kuɗi da hawaye a inda bai kamata ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi daki-daki yadda ya faru, saboda ƙannenmu da ke fitowa yanzu, har da waɗanda suka riga ni fitowa amma har yau suna ta bugawa.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi, na tafi kafe na ce a yi mini CV. Yaron da ke kan kwamfutar bai tambaye ni komai ba in ban da sunana da makarantun da na yi da lambar waya, ya buɗe ta wani da ke ajiye a kwamfutarsa ya goge sunan mai ita ya sa nawa, na biya shi dubu ɗaya da ɗari biyar har da firintin. Shafi uku ce cif, akwai addinina, akwai ƙaramar hukumata, akwai cewa ina son karatu da tafiye-tafiye, sannan can ƙasa an rubuta wai na ƙware a Word da Excel da PowerPoint. Na karanta na ji daɗi, don a ganina yawan shafi shi ne cikar CV. Wannan layin na Excel ku riƙe shi, za mu dawo kansa. Da wannan takarda na shiga nema a watan Yuli, duk tallar aikin da na gani a shafukan neman aiki irin su Jobberman ko MyJobMag ko aka turo guruf ɗinmu na WhatsApp sai in tura, ba ruwana da ko aikin ya shafi abin da na karanta, ni da na yi Ikonomiks har aikin injiniya na nema. A wata guda na tura ya fi sau sittin, shiru kake ji kamar an shuka dusa. Daga baya ne wata yayar abokina da ke aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani ta karɓi wayata ta duba yadda nake turawa, ta nuna mini abubuwa uku da ban taɓa lura da su ba. Adireshin imel ɗina sunan wasa ne da na buɗe tun ina sakandare, gurbin da ake rubuta taken saƙo ina barinsa ba komai alhali a tallar sun ce a rubuta sunan aikin a wurin, sannan CV ɗin hotonta nake ɗauka da waya in tura maimakon PDF. Ta ce mini, ƙanena, a rana ɗaya saƙo ɗari-ɗari ke shigo mana, wanda ba shi da take ko buɗe shi ba ma yi. A daren na buɗe sabon Gmail da cikakken sunana.

Bankuna kuwa tun a fom suke tsayar da ni, domin yawancin tallarsu ta sababbin ɗalibai tana cewa kada shekarunka su wuce 26 ko 27, ni kuma yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022, wanda shi kaɗai ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun riga sun cinye mini lokaci. Wani abokina ya ce ai abu ne mai sauƙi, je ka kotu ka yi rantsuwar shekaru ka rage biyu. Ban yi ba, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya yi. Na farko rantsuwar ƙarya ce, wannan kaɗai ya isa. Na biyu kuma zamanin da ake yin hakan ya wuce, ranar haihuwarka tana kan NIN, tana kan BVN, tana kan takardar WAEC, tana wajen JAMB da NYSC, ka gyara ɗaya sauran huɗun su tona ka, kuma sai ka gama shan wahalar jarrabawa da intabiyu a ranar tantance takardu a kore ka.

Maganar takardu ita ce ta cinye mini watan Agusta. Ina cike fom ɗin wani aikin gwamnati ne na zo wurin ɗora takardu, sai na baje su duka a kan tabarma a karon farko a rayuwata na jera su ina kallo. A takardar WAEC sunana Mohammed, a ta jami'a Muhammed, a NIN kuma Muhammad, kuma a ɗaya sunan mahaifina ne a gaba, a sauran yana baya. Mu a wurinmu duk suna ɗaya ne, amma a wurin mai tantancewa da bai san Hausa ba mutum uku ne. Wannan matsalar ta yi yawa a cikinmu 'yan Arewa, masu Abubakar da Abubakr, Aisha da A'ishatu, Usman da Othman, kowa ya je ya duba nasa yau ba sai gobe ba. Farkon watan an yi zanga-zangar tsadar rayuwa har aka sa dokar hana fita a Kano, sai da gari ya lafa na tafi babbar kotu wajen masu rantsuwa, na tafi da fasfo biyu da fotokwafin takardun duka, aka buga mini takardar da ke cewa duk waɗannan sunaye na mutum ɗaya ne, na sa hannu a gaban jami'in ya buga hatimi. Da bugawa da komai bai kai dubu uku ba, kuma kafin azahar na gama. Akwai wuraren da ke neman ka ƙara da sanarwa a jarida, ni dai ba a neme ta a wurina ba amma in kana da hali ka yi ka ajiye. Daga nan na wuce sakatariyar ƙaramar hukumarmu neman takardar indijin, wadda sai da na fara zuwa wurin mai unguwa ya ba ni shaida, dagaci ya sa hannu, hakimi ma haka, sannan na kai. Wannan ta ɗauke ni sati guda saboda mai sa hannun ƙarshe ba kullum ake samunsa ba, don haka kada ka bari sai an kira ka aiki sannan ka fara nemanta. Bayan na haɗa komai na sayi fayil mai leda-leda a ciki, na asali a gefe ɗaya, fotokwafi uku-uku a ɗaya gefen, na kuma yi sikanin ɗinsu na tura wa kaina a imel. Wannan fayil ɗin ya cece ni daga baya fiye da yadda nake tsammani.

Satumba ne watan da ya fi yi mini ɗaci. Wata rana da daddare saƙon tes ya shigo wayata da Turanci, wai an zaɓe ni in zo intabiyu gobe ƙarfe tara, ga adireshi, amma babu sunan kamfani babu sunan aikin da na nema. Saboda na tura wurare da yawa ban ma iya tuna su, sai na ɗauka ɗaya daga ciki ne. Na goge kayana, Umma ta yi mini addu'a har bakin ƙofa, na hau adaidaita sahu na je na tarar da wajen mutum tamanin a wani ɗakin taro a saman bene, aka karɓi dubu biyu-biyu wai kuɗin rajista, muka zauna awa uku ana nuna mana hotunan motoci da mutanen da wai sun yi arziki, ƙarshe dai ashe maganin ƙarin lafiya ake so mu saya da kuɗinmu mu kuma kawo wasu su saya. Akwai wata baiwar Allah kusa da ni da ta taso tun daga Wudil da goyonta, ta ce rancen kuɗin mota ta yi. Har yau in na tuna ta raina na ɓaci. Tun daga ranar na sayi littafi ɗan ƙarami, duk inda na nema sai in rubuta sunan wurin da aikin da kwanan wata, in kira ya zo in duba, in babu shi a littafin ba na motsawa.

A cikin watan ne kuma wani mutum da ake ganin girmansa a unguwarmu ya kira ni gefe bayan sallar isha, ya ce akwai gurbi a wata hukumar tarayya, yana da hanya, dubu ɗari shida ne, rabi yanzu rabi in takarda ta fito. Na faɗa wa Umma, ban yi aune ba washegari na ga ta ciro sarƙarta da 'yan kunne na gwal da ta ajiye tun na aurenta, ta ƙulle a gefen zani za ta aika a kai kasuwa. Wallahi ganin wannan ƙullin ne ya dawo da ni hayyacina. Na ce Umma ki bari tukuna in yi shawara da Kawu. Kawu ya saurare ni har na gama, ya ce, kai ɗan nan, in abin na gaskiya ne kuɗin haram ka bayar ka kuma danne haƙƙin wani, in na ƙarya ne ka rasa gwal ɗin uwarka, wanne ka zaɓa a ciki? Muka bar maganar. Wasu samari biyu sun biya, an ba su takardar ɗaukar aiki mai tambari da komai, suka tafi Abuja kama aiki aka ce musu ba a san da ita ba. Neman aikin gwamnati ta shafin hukumar ake yi, wanda yawanci adireshinsa ke ƙarewa da gov.ng, kuma cike fom ɗin kyauta ne. Na san akwai masu samu ta hanyar sanayya, ba zan ce babu ba, amma mai karɓar kuɗin talaka a bayan masallaci ba shi ne mai bayar da aiki ba.

Kira na gaskiya na farko ya zo a Oktoba daga wata ƙungiya mai zaman kanta da ke neman mataimakin jami'in tattara bayanai. Sun ce zagayen farko ta Zoom za a yi. Abin ya faɗo daidai lokacin da wuta ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa kwana da kwanaki a ƙarshen watan, ga man fetur ya haura naira dubu ɗaya lita, masu cajin waya layi ne har waje. Na kai wayata caji tun daren jiya, na ari fawa bank, na sayi data a layi biyu saboda in ɗaya ya ƙi in koma ɗayan, na roƙi wani maƙwabcinmu mai sola ya bar ni in zauna a falonsa. Na jingina wayar da littattafai yadda fuskata za ta fito sosai, taga tana gabana ba bayana ba, na shiga minti goma kafin lokaci. Wannan zagayen ya tafi lafiya, suka ce in zo ofis bayan sati ɗaya. Na je, aka shigar da ni wani ɗaki, wata mata ta ajiye mini laftof a gaba, ta buɗe Excel mai layi sama da dubu na sunayen ƙauyuka da adadin mutane, ta ce tunda CV ɗinka ta ce ka ƙware, ga minti talatin, ka cire waɗanda aka maimaita, ka haɗa jimillar kowace ƙaramar hukuma da pivot table. Ban taɓa jin wannan kalmar ba sai ranar. Na zauna ina kallon allon, gumi na bin bayana duk da sanyin AC, na fara ƙirga layukan da yatsa ina rubutawa a takarda. Da lokaci ya cika ta zo ta duba, ba ta yi mini faɗa ba, cikin mutunci ta ce, Malam da ka rubuta cewa kana koyo ne da mun san irin gwajin da za mu ba ka, amma abin da ka rubuta shi muka gwada. Na fito na yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin in iya hawa mota. Ba rashin aikin ne ya fi damuna ba, abin da ya tsaya mini shi ne an kama takardata da faɗin abin da ba haka yake ba, kuma da sunana a samanta.

Nuwamba da Disamba ban nemi aiki ko ɗaya ba. Na ari tsohuwar laftof ɗin ɗan Kawu, na riƙa sauke darussan Excel daga YouTube da tsakar dare lokacin da data ke araha, da safe in bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa ya zauna mini shi ne ban yi da misalan cikin bidiyo ba, littafin shagon Kawu na kasuwar Dawanau na ɗauko, inda yake sayen riɗi da zoɓo da waken suya, na shigar da cinikin shekara guda kaf, wa ya kawo, buhu nawa, kilo nawa, nawa aka biya, wa ake bi bashi. A nan na koyi dabarun Excel irin su SUMIF da VLOOKUP da pivot ɗin da ya kayar da ni, har na gano wa Kawu wani bashi da aka manta da shi. Da na koma wajen yayar abokin nan nawa da sabuwar CV, tana ji na ambaci Dawanau ta ce tsaya, tun yaushe kake riƙe masa littafi? Na ce tun ina aji biyu a jami'a, duk hutu da duk yajin aiki can nake. Ta ce to me ya hana ka rubuta? Na ce ai ba aiki ba ne, taimakon Kawu ne, ba a biyana albashi. Ta girgiza kai ta ce wannan shi ne ƙwarewar aikin da ake ta tambayarka kana cewa ba ka da ita. Muka mayar da CV ɗin shafi ɗaya da rabi, muka cire addini da son tafiye-tafiye, muka sa Dawanau da abin da nake yi a can dalla-dalla, ƙirga buhu, duba sikeli, rubuta shiga da fita, biyan 'yan dako, muka sa makarantar da na koyar da lissafi lokacin bautar ƙasa da yadda na riƙe musu littafin sito. Duk layin da muka rubuta sai ta tambaye ni, in an ce ka ba da labarin wannan za ka iya? In na yi jim sai ta goge. Mutum biyun da na sa a matsayin masu ba da shaida a kaina kuma sai da na kira kowanne na nemi izininsa, na tura masa CV ɗin, don kada a kira shi ya ce wane ne haka.

A Janairun 2025 na ga tallar wani kamfani mai rarraba taki da iri da maganin feshi, babban ofishinsu a Kaduna, suna neman jami'in sito saboda shirin damina. Wannan karon sai da na karanta tallar sau uku, na ja layi a ƙarƙashin abin da suke nema, na rubuta 'yar wasiƙa mai sakin layi uku da ke nuna inda na taɓa yin kowanne, na sa take yadda suka ce, na tura PDF ɗaya mai ɗauke da sunana. Kwana goma sha biyu ba labari. Ashe sun turo gayyatar jarrabawa ta faɗa cikin spam, wato wurin da imel ke jefa saƙonnin da ya ɗauka na banza ne, Allah ne ya sa na leƙa ana saura kwana biyu. Ku riƙa leƙa wurin nan kullum. Na tafi tashar Unguwa Uku tun ana gobe, na biya wajen dubu tara zuwa Kaduna, na sauka Kawo na kwana wurin wani abokin karatuna, da yamma muka je muka gano inda cibiyar take don kada in yi ta bulayi da safe. An ce ƙarfe takwas, bakwai da kwata ina wurin cikin sanyin hunturu, mun fi mutum ɗari, kuma a bakin ƙofa aka mayar da waɗanda ba su firinto gayyatar ba da waɗanda ba su zo da katin shaida ba. Jarrabawar a kwamfuta ce irin ta JAMB, tambaya sittin a awa ɗaya, lissafin kaso da riba da faɗuwa, karanta jadawali, Turanci, da 'yan tambayoyin tunani. Ba wahala ce da su ba, lokaci ne ke kayar da mutane. Duk wadda ta ƙi ni sai in tsallake in dawo mata daga baya, na ga na kusa da ni ya maƙale a tambaya ɗaya har lokaci ya tafi.

Bayan sati biyu aka kira ni a waya, intabiyu ranar Talata. Na tambayi mai kiran sunanta, da abin da zan zo da shi, da ko akwai gwajin kwamfuta, ta amsa duka ba tare da damuwa ba, ashe tambaya ba laifi ba ce. Kwanakin da suka rage na karanta duk abin da na samu game da kamfanin, na je wurin wani dilan taki na zauna da shi yini guda ina tambayarsa, shi ya faɗa mini tirela ɗaya buhu 600 take ɗauka masu kilo 50, tan 30 kenan, ya nuna mini bambancin ajiyar yuriya da NPK, da yadda yuriya ke jan danshi ta dunƙule in aka jibge ta a ƙasa ba katako. Maganar sutura na yi ta waswasi ko sai na nemo kwat, a ƙarshe na sa kaftani mai ruwan toka da hula, wankakke gogagge, da takalmi rufaffe, kuma babu wanda ya kalle ni banbarakwai. Mu tara ne muka zauna a kan benci daga tara na safe, ni ban shiga ba sai ɗaya saura, da a ce ban karya ba da na galabaita.

Mutum uku ne a ciki, wata Hajiya daga sashen ma'aikata, akawun kamfanin, da wani dattijo mai kula da sito-siton su gaba ɗaya. Na yi sallama, na jira sai da aka ce in zauna. Hajiya ta ce in gabatar da kaina, ban fara da inda aka haife ni da firamaren da na yi ba kamar yadda na saba, na faɗi abin da na karanta, na faɗi Dawanau da makarantar bautar ƙasa, na faɗi dalilin da ya sa nake ganin aikin sito ya dace da ni, duka bai fi minti biyu ba saboda na yi ta maimaita shi a gida ƙanwata tana riƙe da agogo. Akawun ya juyo da laftof ya ce in fitar masa da ragowar kaya daga jadawalin shiga da fita, hannuna na rawa amma na yi cikin minti shida. Ya tambaye ni wani abu kan manhajar lissafin da suke amfani da ita, na ce Yallaɓai ban taɓa aiki da ita ba, amma Excel ma wata uku da suka wuce ban iya ba, ga yadda na koya. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Shi kuwa dattijon tun shigowata bai ce uffan ba, sai can ya cire tabarau ya juya harshe zuwa Hausa ya ce, ɗan samari, tirela ta taso da buhu 600 a takarda, 'yan dako sun sauke ka ƙirga 587, magariba ta yi, direba na ta rantsuwa yana cewa ka sa masa hannu ya tafi iyalinsa na jira, ya za ka yi? Na ce Baba, ba zan yi masa ihu ba kuma ba zan ce ya yi sata ba, zan ce mu sake ƙirgawa tare da shi da shugaban 'yan dako, layi-layi, in har 587 ne to 587 zan rubuta a kan takardar rakiyar kayan, ya sa hannu in sa, in ɗauki hoto in tura wa manaja kafin motar ta bar harabar. Ya ce in ya ƙi sa hannu fa? Na ce to ni ma ba zan sa a kan 600 ba, sai in kira ku ku yi magana da mai motar. Ya ce in ya ce ga dubu ashirin ka sha ruwa? Na ce gobe in aka zo ƙirga sito ni za a tambaya buhu goma sha uku, ba shi ba. Sai ya yi murmushi ya mayar da tabaransa. Wannan amsar ba a wani littafi na karanto ta ba, na ga Kawu ya yi haka da idona a kan buhunan riɗi.

Da aka zo maganar albashi Hajiya ta ce nawa kake sa rai. Da can abin da nake cewa shi ne duk abin da kuka ba ni, ina ganin hakan ladabi ne, amma an riga an gargaɗe ni cewa yana nuna ba ka yi bincike ba. Na riga na tambayi masu irin wannan aikin, na kuma san mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 tun Yulin 2024, don haka na faɗi daga kaza zuwa kaza, na ƙara da tambayar ko adadin da za su faɗa kafin cire-cire ne ko wanda zai shigo asusu. Wannan tambayar tana da muhimmanci, domin akwai haraji, akwai fansho da dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga ma'aikaci kamfani ya ƙara kashi 10, to in ba ka tambaya ba ƙarshen wata sai ka ga abin da ya shigo bai kai abin da ka faɗa a gida ba. Da suka ce ko ina da tambaya, na tambayi wane sito za a tura wanda aka ɗauka, da ko ana ba da wurin kwana, da yaushe za mu ji sakamako. Suka ce sati biyu.

Sati biyun ya zama uku da kwana biyu. A cikinsu duk ƙarar waya gabana sai ya faɗi. Da sati biyu suka cika na tura imel gajere na gaisuwa da tambayar ko akwai labari, sau ɗaya tak, ban yi ta kira ba, kuma ban daina neman wasu wuraren ba. Ranar da saƙon cewa an ɗauke ni ya zo ina Dawanau ina ƙirga buhu. Amma ko a nan ba a gama ba, an ba ni kwana bakwai in kawo sakamakon gwajin lafiya daga asibitin gwamnati, hoton ƙirji da gwajin jini da fitsari, wanda ya ci mini wajen dubu goma sha biyar da yini biyu a layi, sai fom ɗin masu tsaya mini mutum biyu, ɗaya dole ya kasance babban ma'aikacin gwamnati, kowanne da fasfo da fotokwafin katin shaidarsa. Wannan ya ba ni wuya don mutane na tsoron tsaya wa mai riƙe sito, sai da wani malamina na sakandare ya amince bayan Kawu ya je da kansa. Ka fara tunanin masu tsaya maka tun ranar da aka kira ka intabiyu. Ranar tantance takardu Hajiya ta jera WAEC da digiri da NYSC da NIN a kan tebur, ta ɗago kai za ta yi magana a kan Mohammed da Muhammad, na zaro takardar kotun nan ta watan Agusta daga fayil na miƙa mata, ta karanta ta haɗa da sauran ta danna abin maƙala takarda. Wani da muka ci intabiyun tare an ba shi kwana uku ya je ya gyara nasa, daga Gombe ya zo.

Takardar ɗaukar aikin ma ban sa hannu a tsaye ba, na nemi a ba ni zuwa washegari, na karanta ta da daddare layi-layi, a nan na ga wata shida ne na gwaji, da cewa duk ɓangaren da zai raba gari a wannan lokacin zai ba da sanarwar sati biyu, da cewa kayan da suka ɓata ta sakacina za a cire a albashina. Na tambayi yadda ake tabbatar da sakacin, aka yi mini bayani, sannan na sa hannu na karɓi kwafi ɗaya na saka a fayil. Aka turo ni sito a wajen Saminaka, na kama aiki ranar huɗu ga azumi, tirelar farko da na karɓa yuriya ce, na tsaya a bakin ƙofa da littafi da biro muka ƙirga da direban layi-layi har 600.